Kundin aikinmu da injin wanki na feshin ruwa mai batir a Tudun Wada, Kaduna

Asabar, 8 ga Nuwamba, 2025

Yau injin ya shigo hannu. Na saye shi ne saboda ɗan yayata da ya gama sakandare bana, yana zaune a gida yana jiran gurbin karatu. Ni sana'ata haɗa sola da gyaran inbata, kuma duk hunturu sai mutane su yi ta kirana wai wutarsu ta ragu, in na je in tarar ƙura ce kawai ta lulluɓe farantan solar. Sai na ga in yaron ya iya wankin faranti da babur da keke Napep da tsakar gida, zai samu na kansa. Zan riƙa rubuta abin da muka yi a nan, don na san akwai masu niyyar sayen irinsa.

Injin kamar bindiga yake, batir a gindinsa. Ya zo da batir ɗaya, caja, tiyo mai tsawon mita 5 da 'yar rariya a bakinsa, kwalbar kumfa, da kan feshi mai juyawa. Ba ya buƙatar famfo, daga bokiti yake zuƙar ruwa.

A jikin kwalin an rubuta bolt 48 da manyan baƙaƙe. Da batirin ya cika na ɗora masa mita, ya nuna bai kai 21 ba. Haka ya kamata ya nuna, domin ƙwayoyi biyar ne a jere a ciki, kowace tana kai bolt 4.2 in ta cika. Wanda zai saya kada lambar kwali ta ruɗe shi.

Kuɗin da ya fita: inji ₦48,000. A Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi na sayi tabarau mai rufe gefen ido guda biyu ₦4,000, dogon takalmin roba ƙafa biyu ₦13,000, babban bokiti mai murfi ₦4,500.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Ba mu wanke komai ba yau. Bayan la'asar na zaunar da yaron a tsakar gida muka bi kan feshin lamba-lamba: 0, 15, 25, 40. Lambar faɗin feshin take nufi. Ta 40 tana baza ruwan kamar mafici, ta 0 kuwa tana tattara shi wuri guda siriri.

Da ya ɗaga injin ya ji ba nauyi, ya kunna ya ji ba ƙara, sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, wannan ai abin wasan yara ne, na wajen wankin mota ya fi shi sau goma." Wajen ƙarfi bai yi ƙarya ba. Irin waɗannan ƙanana matsin ruwansu yakan tsaya tsakanin bar 20 zuwa 30 (bar ma'aunin matsi ne), su kuwa masu jona wuta sukan haura 100. To amma tayar ƙaramar mota bar biyu da 'yan kai ake hura mata, ke nan abin da ke hannunsa ya ninka iskar taya sau goma. Likitoci kuma sun ce matsin da ya kai kusan bar 7 yana iya huda fatar mutum in bakin feshin yana kusa.

Na ɗauko nunanniyar gwanda na ajiye a kan bulo, na sa lamba 0, na matso da bakin kamar yatsa biyu na danna kunama sau ɗaya. A bayan gwandar ɗan ɗigon rami ne kawai, sai ka lura za ka gan shi. Da na yanka ta da wuƙa, sai ga ruwan ya yi hanya ya dagargaza naman ciki. Yaron ya yi shiru yana kallo. Na ce masa haka raunin wannan inji yake a ƙafar mutum: waje ƙarami, ciki kuwa ruwa da datti sun shige ƙarƙashin fata. Wanda abin ya samu asibiti zai nufa a ranar, ko da ba ya jin zafi sosai, ba shafa man zafi a ɗaure da tsumma ba.

Mun yi yarjejeniya: ba silifas, ba aiki babu tabarau, ba wanke ƙafa ko hannu da injin komai laka, ba nuna shi ga mutum ko dabba. Lamba 0 kuma na hana shi gaba ɗaya har sai na ce.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Mun gwada a kan kujerun roba da tabarmar roba. Jarka mai lita 25 tana kai mu kusan minti goma, batir kuma wajen minti ashirin. Ɗan ga-ruwa yana ba mu jarka ₦150.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Injin ya ƙi jan ruwa. Yana ƙara, bakin yana tofar da iska, ruwa kuwa babu. Yaron ya so ya ci gaba da danna kunamar wai zai kama, na tsayar da shi, don ruwan da ke ratsa famfon cikin injin shi ke sanyaya shi, in ya daɗe yana juyawa a bushe robobin ciki za su ƙone.

Mun cire batir muka bi tiyon. Abu biyu muka samu. Na farko, ruwan rijiyar gidan ne ya ɗebo yau don a rage kuɗi, rariyar ta kwanta a gindin bokiti ta cushe da yashi. Na biyu, ɗan zoben robar da ke mahaɗar tiyo da injin ya goce, iska na shiga. Muka wanke rariyar da tsohon buroshin haƙori, muka mayar da zoben, muka nutsar da tiyon cikin ruwa har iskar ta fita, sannan ya kama.

Daga yau ruwan rijiya sai an tace shi da ɗankwali, a bar shi ya kwanta. Na kuma ɗaure rariyar a jikin wata gorar roba da ba komai a ciki don ta riƙa yawo a sama, kada ta taɓa gindin bokiti.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Yau mun yi asara. Wani maƙwabcinmu mai kai kayan shago da babur ya kawo wanki da rana, ni ina wajen aiki a Malali. Yaron ya wanke shi fes, mai babur ya zo ya yi ta bugawa, babur ya ce bai san zance ba. Yaron ya kira ni muryarsa na rawa, "Kawu, babur ɗin Malam ya ƙi tashi." Na ce su tura shi wajen makaniken bakin layi, ga ni nan zuwa.

Makaniken ya cire hular fulogi, ruwa ya zubo. Ya buɗe akwatin filtar iska, soson ciki jiƙe sharkaf. Da na tambayi yaron yadda ya yi, ya ce wani baƙin mai ne ya maƙale a gefen injin babur ɗin, ya sa lamba 15 ya matsa sosai har ƙarƙashin tanki. Ga shi kuma injin da zafinsa aka fara fesa masa ruwa. An busar da komai, babur ya tashi, amma mutumin ya rasa rabin yininsa. Na biya makanike ₦2,500, na ba mai babur haƙuri, ban karɓi kuɗin wanki ba. Mutumin kirki ne, cewa ya yi, "Ba komai Injiniya, koyo ai sai da haka."

Makaniken ya ƙara mana da wani abu da ba a gani nan take. Ya ce yawancin baburan da ake kawo masa da boris ɗin ƙafa ya ci, ruwan wanki ne ya ratsa robar ya kori giris, sai bayan makonni a fara jin ƙara, mai babur kuma ba zai taɓa danganta abin da wanki ba. Wannan ya fi damuna, domin ɓarnar da ba za a kama ka da ita ba ita ce ta fi buƙatar tsoron Allah.

Tsarin babur da keke yanzu: a bar injinsu ya huce, a toshe salansa da leda kuma a tuna a cire, lamba 40 kawai, tazarar kamu guda. Wajen fulogi, makulli, batir, filta, tsakiyar ƙafa da sarƙa, soso da hannu ne. An gama a ɗiga wa sarƙa mai.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Garin sabulu yana toshe kwalbar kumfa. Mun koma sabulun ruwa, ₦2,000. Bayan kumfa muna barin ruwa zalla ya ratsa injin kafin a ajiye.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Abin da ya faru yau har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Ana wankin keke a ƙofar gida aka kira sallar azahar. Yaron ya jingine injin a bango ya shiga alwala. Ina fitowa daga zaure sai na ga ƙaramin ɗana, ɗan shekara shida, ya ɗauke shi da hannu biyu ya saita fuskar ƙanwarsa yana cewa "tau, tau", yana danna kunamar da iya ƙarfinsa. Ba abin da ya fito. Batirin yana aljihun yaron, ya cire kafin ya shiga, kamar yadda muka saba.

Ban yi wa ƙaramin tsawa sosai ba, siffar abin ce ta ja shi, kowane yaro haka zai yi. Amma na kira ɗan yayata gaban mahaifiyarsa na yaba masa, na ce, "Yaya, yau ɗanki ya tsare idon 'yata." Makullin kunamar da ke jikin injin ɗan maɓalli ne da yaro zai iya turewa, ban yarda da shi shi kaɗai ba. In za a ajiye injin ko na minti ɗaya ne, ko za a canza kan feshi, ko za a duba toshewa, batir ya fita tukuna. Harbin farko bayan an mayar kuma ƙasa ake nunawa, don in kan bai zauna daidai ba yana iya fizgewa.

Na sayi akwatin ƙarfe da kwaɗo, ₦7,000. Inji a ciki, batir a shagona.

Asabar, 6 ga Disamba

Hazo ya sauka sosai wannan makon, ko gadar Kawo ba ka hangowa sai ka matso. Yau muka yi wankin sola na farko, a wani gida a Unguwar Rimi da ni na haɗa musu, faranti takwas a kan rufin kwano.

Mun isa bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Dalili biyu ne. Gilashin faranti yakan yi zafi ƙwarai da rana, har ya haura digiri 60, in ka watsa masa ruwan sanyi yana iya tsagewa. Sannan muddin haske na sauka a kan faranti yana ba da wuta, ko ka kashe inbata, kuma in an jera su da yawa wutar takan kai ɗaruruwan bolt. Don haka kafin ruwa ya taɓa komai na kashe makunnin da ke tsakanin farantan da inbata, na hau na duba ko akwai tsagaggen gilashi ko wayar da ɓera ya ci. Farantin da ya tsage ba a wanke shi.

Gaskiyar magana, a wannan aiki injin ɗauraya kawai yake yi. Masu ƙera faranti ba sa son a matsa musu ruwa mai ƙarfi, don yana iya ratsa bakin firam. Amfaninsa a wurinmu shi ne yana ɗaga ruwa daga bokiti ba sai an yi ta hawa da sauka da shi ba. Mun jiƙa da lamba 40 daga nesa, muka bi da buroshi mai laushi a kan doguwar sanda, muka ɗauraye daga sama zuwa ƙasa. Bayan faranti, inda akwatin wayoyi yake, ruwa ba ya zuwa.

Ni ne a sama, shi yana riƙe da tsani. Jiƙaƙƙen kwano da ƙurar hunturu santsi ne da shi sosai, shi ya sa na fara daga can nesa ina dawowa wajen tsani, ina taka layin ƙusa inda katako yake a ƙasa, wurin da zan taka kuma a bushe. Ba a feshi daga kan tsani, domin ko ɗan turin da injin ke yi wa hannu ya isa ya karkatar da mutum.

Hajiyar gidan ta kira da yamma ta ce batiransu sun cika tun kafin azahar. An biya ₦6,000.

Talata, 9 ga Disamba

Keke biyu, babur uku. Ba matsala. Hannun yaron ya fara tsagewa saboda sanyi da sabulu, na sayo masa safar hannu ta roba da man kaɗanya.

Asabar, 13 ga Disamba

Mun bar aiki a Barnawa, kuma ban yi nadama ba. Gidan bene ne, faranti goma sha biyu. Mai gidan ya ce sai ƙarfe ɗaya na rana zai samu zama, muka je don mu duba wuri. Da muka hau, sai na ga wayoyin wutar layi sun ratsa ta gefen rufin, tazarar ba ta fi tsawon sandar buroshinmu ba. Na ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, yanzu farantan sun yi zafi, ga kuma waya a kusa. Ka bari mu dawo da asuba, mu yi ɓangaren can da gajeren buroshi ba tare da feshi ba." Ya kafe sai yanzu, wai wancan yaron da ke masa da bokiti ko yaushe yake hawa ba abin da ya taɓa samunsa. Har ya ƙara kuɗi zuwa ₦12,000.

A hanya yaron bai ce uffan ba sai da muka hau gadar kogin Kaduna, sannan ya ce, "Kawu, dubu goma sha biyu fa." Na ce na sani. Na ce masa ruwan da ke fita daga injin igiya ɗaya ce daga hannunsa zuwa duk abin da ya taɓa, kuma wutar lantarki tana bi ta cikin ruwan rijiya da na burtsatse. Wannan ne ma ya sa ko a ƙasa ba ma fesa mita, soket, kwan fitila, ko na'urar sanyaya ɗaki da ba a kashe daga makunni ba. Ina so ya ga da idonsa cewa ana iya cewa a'a ga babban mutum cikin ladabi, domin wata rana shi kaɗai zai tsaya a gaban irinsa.

Litinin, 22 ga Disamba

Batir na biyu da na saya makon jiya ₦14,000 ya lalace. Tun farko ba ya kai rabin lokacin na asalin. Yau aka gama aiki da shi da zafinsa, aka kawo wuta, yaron ya yi sauri ya jona don kada a ɗauke. Can na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi a shago, na taɓa batirin ya ƙona min yatsa, robar gefensa ta kumbura. Na zare cajar daga bango, na ɗauke shi da filaya na kai bayan shago na ajiye a kan yashi, nesa da komai. Bai kama da wuta ba, Allah ya tsare.

Kumburarren batirin litiyam ba a huda shi, ba a sake caja shi, ba a jefa shi cikin bolar da ake cinna wa wuta. Mai shagon da ya sayar min ya ƙi karɓa, kuɗin sun tafi. Dokar caji yanzu: batir ya huce a inuwa kamar rabin awa, ya bushe sarai, a ɗora shi a kan siminti ba kan katifa ko kujera ba, da cajarsa ta asali, kuma da mutum a wurin. Ba a barin shi a jone a tafi barci. Nan gaba zafin Maris da Afrilu na tafe, dole in samo masa wurin da ya fi shagon sanyi.

Asabar, 27 ga Disamba

Tsakar gida mai intalok da bayan gida biyu a Unguwar Dosa, ana shirin biki. Intalok ya ba mu wahala. In ka tsaye bakin feshin a kan mahaɗar duwatsun sai ya tone yashin da ke riƙe da su. Mun koma karkata shi, lamba 25, muna turawa gaba kamar shara, bayan ya bushe muka zuba sabon yashi muka share shi cikin ramukan. Katangar gidan ta gefe tsohon fenti ne da ya fara ɓarewa, mun gwada a lungu muka ga yana tashi, muka bar ta.

A bayan gida mai aikin gidan ta kawo mana asid ɗin wankin tayil da ruwan bilic, ta ce a haɗa a zuba cikin kwalbar kumfa, haka zai fi fita. Kafin in buɗe baki yaron ya ce, "A'a Inna, ba a haɗa su." Haɗin nan iskar kulorin yake fitarwa, mai shaƙe numfashi da ƙona ido, balle a ɗan ɗaki mai ƙaramar taga, balle kuma a feshe shi ya zama hazo. Ko ɗaya daga cikinsu ba ma sa wa a injin, yana cin robobin famfo. An wanke tayil da buroshi, ƙofa a buɗe. An biya ₦10,000, ruwa ya ci ₦1,800.

Laraba, 7 ga Janairu, 2026

Abokin yaron da ke raka shi wani lokaci ya tsaya kusa yana kallo ana wanke ƙafar keke, ba tabarau. Tsakuwa ta yi tsalle ta shiga idonsa. Yaron ya riƙe masa hannu ya hana shi murzawa, ya yi ta zuba masa ruwan leda a hankali har abin ya fita. Da na zo idon ya yi ja, yana cewa kamar da saura. Ban tsaya jira ba, na kai shi Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna. An duba, ƙaramin ƙarzuwa ne, an ba shi maganin ɗigawa. Mota da magani ₦6,500.

Mun tsare mai riƙe da inji, ashe mai kallo ma yana cikin haɗari. Yanzu duk wanda ba ya sanye da tabarau zai ja baya taku biyar, yara kuwa a shiga da su gida. Na ƙaro tabarau ɗaya, ₦2,000.

Asabar, 10 ga Janairu

Mun zauna lissafi da ɗan yayata da mahaifiyarsa. Abin da ya shigo ya kusa rufe kuɗin inji da kayan kariya, ban da asarar batir da ta asibiti. Daga Litinin zai riƙa fita wankin babur, keke da tsakar gida shi kaɗai a cikin Tudun Wada. Kashi ɗaya cikin uku na abin da ya samu za a riƙa ajiyewa don sayen batir na asali, wanda aka ce min ₦26,000. Rufi kuwa ba zai hau ba sai ina wurin, kuma sai mun sayi bel da igiyar ɗaure jiki, zan je tsohuwar Panteka in tambayi farashi. Akwai gidaje huɗu da ke jiran wankin sola kafin azumi ya kama a watan Fabrairu, biyu a Malali, biyu a Badarawa. Na Malali za mu fara da su ranar Asabar mai zuwa bayan sallar asuba.